Kalmomin Hausa Don Koyar da Tarihin Wariyar Launin Fata da Gwagwarmayar Baƙaƙen Amurka

Gabatarwa

Malamin da ya tashi koyar da tarihin baƙaƙen Amurka da harshen Hausa, abin da zai fara sha masa kai shi ne sha'anin kalmomi. Labarin kansa a rubuce ya ke, da shekarunsa da sunayen mutanensa, amma kalmomin da aka rubuta shi da su sun taso ne daga kotuna da majami'u da titunan wata ƙasa mai nisa. Manyan ƙamusoshin nan biyu da ɗalibin Hausa ke dogara da su, na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, an gama su tun kafin manyan al'amuran su auku, gama tsakiyar gwagwarmayar ta faɗo ne tsakanin 1954 da 1968. Kalmomin da a ke ji yau a rediyo da jaridu, waɗansu ƙago su aka yi, waɗansu kuwa tsofaffi ne aka ɗora musu sabon kaya. Akwai waɗanda suka zauna daram, akwai kuma waɗanda ke ɗauke da wata ma'ana ta gida wadda za ta karkatar da fahimtar ɗalibi in ba a yi masa bayani ba.

Nufin wannan takarda shi ne a bi kalmomin nan rukuni-rukuni, a nuna abin da kowace ta ke nufi a bakin Bahaushe, da abin da ya faru a Amurka wanda a ke so ta bayyana, sa'an nan a faɗi inda suka dace da inda suka saɓa.

1. Bauta, 'yanci da haƙƙi

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin bauta. Akwai bawa da baiwa da kuyanga da ƙwarƙwara, akwai bacucane, watau wanda aka haifa cikin bauta, akwai murgu da fansa da 'yantacce. Wannan yalwa ita ce tarkon farko. Ɗalibin da ya ji an ce bawa, abin da zai zo masa a rai shi ne bautar ƙasar Hausa, inda ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana cin gado, har ma yakan ci sarauta, kuma inda bayin sarki ke riƙe da manyan muƙamai kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano. Faɗar haka ba wanke bautar ƙasar Hausa ba ne, gama ita ma tana da harinta da kasuwarta da wahalar rinji, kuma sai a 1936 aka soke ta sarai a Nijeriya ta Arewa. Abin lura shi ne tsarin Amurka dabam ne. Tun 1662 Bajiniya ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, saboda haka ɗan da ubangiji ya haifa da baiwarsa bawa ne, ana iya sayar da shi. Daɗin daɗawa, an ɗaure bauta da launin fata, har ya zama wanda aka 'yanta bai fita daga ƙasƙanci ba. A 1857, cikin shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata, bawa ne ko 'yantacce, ba ɗan ƙasa ba ne. Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4.

Kalmar 'yanci kuwa dangin ɗa ce da 'ya'ya, asalinta zama ɗa, kishiyar zama bawa. Yau tana ɗauke da kaya uku: fita daga bauta, da mulkin kai na ƙasa irin na 1960, da kuma abin da doka ta ba mutum ikon yi. Ɗalibi mai hankali zai yi tambaya, in an 'yanta su a 1865, wane 'yanci kuma su ke nema a 1955? Amsar tana cikin rarrabe 'yanci da haƙƙi. Haƙƙi, wadda aka aro daga Larabci, ita ce abin da mutum ke bin wani, wanda in an hana shi an zalunce shi. Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 an yi wa tsarin mulkin Amurka ƙari uku. Na 13, a 1865, ya soke bauta. Na 14, a 1868, ya mai da duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, ya kuma ce doka ta kare kowa daidai. Na 15, a 1870, ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa. Na farko ya ba da 'yanci, biyun baya suka ba da haƙƙi, kuma biyan wannan haƙƙi shi ne aka yi kusan shekara ɗari ana nema.

Saboda haka fassarar da ta fi dacewa ita ce haƙƙin ɗan ƙasa. A kan ji masu cewa haƙƙin farar hula, amma wannan kuskure ne. Kalmar Turancin fuska biyu gare ta, ɗaya ta wanda ba soja ba, ɗaya ta ɗan ƙasa, mai fassara ya kama ta farko. Haƙƙin ɗan Adam kuma wani abu ne mai faɗi, wanda mutum ke da shi ko ina ya ke. Haka nan ƙari ko gyara sun fi kwaskwarima da 'yan jarida ke so, domin kwaskwarima ado ce ta sama-sama, soke bauta kuwa ya wuce ado.

2. Launi da suna

In Bahaushe ya ce wane fari ne, wance baƙa ce, wancan wankan tarwaɗa ne, siffa ya faɗa, abin da ido ya gani. Turawa da Larabawa ma a da jar fata ya kan ce musu. A Amurka baƙar fata aji ne wanda doka da al'ada suka yanka bisa asali, ko da ido bai ga baƙi ba. Homer Plessy, wanda aka kama a 1892 a birnin Niyu Olins don ya zauna a taragon fararen fata, cikin kakannin iyayensa takwas ɗaya kaɗai ne ɗan asalin Afirka. Dokar Bajiniya ta 1924 ta ce farar fata shi ne wanda ba shi da ɗigon jinin baƙar fata ko kaɗan. Har 1967 jihohi 16 suna da dokar hana aure tsakanin ajin biyu, sai a wannan shekara Kotun Ƙoli ta rushe su cikin shari'ar Loving. In malami bai bayyana wannan ba, ɗalibi zai ga hoton mutumin da a Kano za a ce masa fari sol, ya rasa dalilin da ya sa aka hana shi kujera.

Akwai kuma wata matsala ta rubutu. Baƙi mai nufin launi, da baƙi jam'in baƙo, a baki sun bambanta da tsawon wasali da karin sauti, amma a takarda siffarsu ɗaya. Wanda ya rubuta baƙin Amurka ya bar ƙofa a buɗe a karanta shi da ma'anar waɗanda suka zo baƙunci. Wannan ba ƙaramin ɓaci ba ne, gama da'awar maƙiyansu ke nan, cewa su ba 'yan gida ba ne, alhali an sauke 'yan Afirka na farko a Bajiniya a 1619, shekara guda kafin jirgin Mayflower ya kawo Ingilishi masu hijira a 1620. Ya kamata a rubuta baƙaƙen Amurka, ko baƙar fata. Ta ɗaya gefen kuma fararen fata ya fi Turawa, domin Bature a Hausa yana ɗauke da ma'anar mutumin Turai ko mai muƙami, har akan ce baturen gona ko baturen zaɓe ko da Bahaushe ne. Da yawa daga masu tsananta wariya a kudancin Amurka talakawa ne manoma waɗanda ba su taɓa ganin Turai ba.

Sunan da mutanen ke kiran kansu ma ya sauya. Har tsakiyar shekarun 1960 Niguro ita ce kalmar ladabi, asalinta baƙi da harshen Sifen da na Fotugal, kuma da ita Martin Luther King ya ke magana. Daga 1966 matasa suka ɗaukaka kalmar baƙi da alfahari. A 1988 Jesse Jackson da waɗansu shugabanni suka nemi a riƙa cewa Ba'amurke ɗan asalin Afirka. Akwai wata kalmar zagi da aka lanƙwasa daga ta farko, wadda ya isa malami ya san da ita, ba sai ya nemo mata fassara ba. Wani cin mutuncin kuwa Bahaushe zai gane shi nan take. Farar fata a kudu ya kan kira dattijo baƙar fata da kalmar da ke nufin yaro, ita ce kuwa Hausa ta ara ta zama boyi a zamanin mulkin Turawa.

3. Ƙyama, bambanci, wariya

Abubuwa uku ne a nan, ba a so a cakuɗa su. Ƙyama tana zuciya. Nuna bambanci aiki ne, kamar hana mutum aiki ko hayar ɗaki. Wariya kuwa tsari ne, wanda hukuma ta kafa ko jama'a suka tsare. Kalmar daga ware ta fito, kuma wanda ya san karin maganar saniyar ware ya san akwai ƙasƙanci a ciki. A nan ta bambanta da keɓewa, wadda ba ta da aibu, gama akan keɓe wa baƙi masauki don girmamawa. Masu goyon bayan tsarin, da Hausa su ke ji, da keɓewa za su ce. Hujjarsu ke nan a shari'ar Plessy, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1896, ta ce ba laifi a rarraba mutane muddin abin da aka ba kowa daidai ne. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi yarda. Daidaiton nan kuwa bai wuce takarda ba.

Dokokin wariya ana kiransu dokokin Jim Crow, sunan wani ɗan wasa ne da wani farar fata, Thomas Rice, ya riƙa kwaikwaya a shekarun 1830, yana shafa baƙi a fuska don a yi wa baƙaƙe dariya. Ba a fassara sunan, sai dai a bayyana shi. Dokokin sun yaɗu bayan 1877, sa'ad da gwamnatin tarayya ta janye sojanta daga kudu. Sun raba makarantu da taragon jirgi da asibiti da wurin cin abinci da famfon shan ruwa da maƙabarta, har a waɗansu kotuna Littafin da a ke rantsuwa da shi ma guda biyu ne.

Ƙabilanci bai dace da wannan ba. Ƙabilu sukan bambanta da harshe da al'ada da ƙasar asali, amma baƙaƙe da fararen Alabama harshensu ɗaya, garinsu ɗaya, yawancinsu kuma addininsu ɗaya. Haka kuma a kula da cewa kalmar wariyar launin fata ita ce Hausa ta ba tsarin Afirka ta Kudu na 1948 zuwa 1994, har ɗalibai da yawa ba su san ta da wata ƙasa ba. A can baƙaƙe su ne mafi rinjaye, kuma gwamnatin ƙasa ce da kanta ta kafa tsarin. A Amurka baƙaƙe kamar ɗaya cikin goma ne a 1960, dokokin kuma na jihohi ne, suna karo da tsarin mulkin tarayya. Wannan karo shi ya ba su hanyar zuwa kotu.

Ya kamata kuma a raba wariyar doka da wariyar al'ada. Tsakanin shekarun 1910 da 1970 baƙaƙe wajen miliyan 6 suka bar kudu zuwa birane irin su Chikago da Ditiroit da Niyu Yok. A can ba allon da ke hana su shiga, amma masu gidaje da bankuna sun tsare su a waɗansu unguwanni, makarantu kuwa suka bi unguwa. Malami na iya kusanto da abin ta wajen tuna wa ɗalibai tsarin garuruwa na Lugard, inda aka ware unguwar Turawa, aka bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar kiwon lafiya.

4. Tauye ƙuri'a

Da ya ke ƙari na 15 ya hana a ambaci launi, jihohin kudu sai suka bi ta bayan gida. Dabara ta farko harajin zaɓe. Kalmar haraji tana iya ruɗarwa, gama harajin da aka sani a ƙasar Hausa tilas ne a kan kowane baligi. Wannan kuwa kuɗi ne da sai wanda ya biya zai yi zaɓe, kuma hukuma ba ta damu talaka ya biya ba. Misisipi ta sa dala 2 a 1890. Ta biyu jarrabawar karatu, inda magatakarda ke ba mutum wani sashe na tsarin mulki ya karanta ya fassara, shi ne kuma mai cewa an ci ko an faɗi. Ta uku sharaɗin kaka. Luwiziyana ta ce a 1898 wanda shi ko ubansa ko kakansa ke da ikon zaɓe kafin farkon 1867 an ɗauke masa jarrabawa, lokacin da ba baƙar fatan da ke da wannan iko a jihar. Sakamakon ya fito a lissafi: baƙaƙen da ke cikin rajista a Luwiziyana 130,334 ne a 1896, amma a 1904 saura 1,342. Kalmar da ta dace da wannan ita ce tauyewa, domin haƙƙin yana nan a rubuce, hannun mai shi ne aka ɗaure.

5. Kisan taron dangi

Wannan ita ce kalmar da ta fi wuyar samu. Abin da a ke nufi shi ne jama'a su kama mutum bisa zargi, su kashe shi ba shari'a, sau da yawa a bainar jama'a, kuma ba a hukunta kowa. Kisan gilla ta kama muguntar amma ta bar taron. Ɗaukar doka a hannu, wadda daga Turanci aka juyo ta, tana nuna kamar akwai laifi na gaskiya, gaggawa kawai aka yi. Ida B. Wells, 'yar jarida baƙar fata, ta nuna tun 1892 cewa zargin sau da yawa ƙage ne, ainihin dalilin kuwa gasar kasuwa ce ko ƙin sunkuyar da kai. Kisan taron dangi ba shari'a ya fi kusa, tun da Bahaushe ya san taron dangi da ma'anar mutane da yawa su haɗu a kan mutum guda. Makarantar Tuskegee ta lissafta mutum 4,743 da aka kashe haka daga 1882 zuwa 1968, 3,446 daga ciki baƙaƙe ne.

Manufar kisan ita ce razana saura, shi ya sa ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda aka kafa a Tenesi bayan yaƙin basasa, ta cancanci a kira ta ƙungiyar ta'adda. A watan Agusta 1955 aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Misisipi. Mutum biyu da aka gurfanar aka sallame su. A nan ma akwai buƙatar bayani, domin a kotun Amurka ba alƙali ke yanke ko mutum ya yi laifi ba, waɗansu mutum 12 ne da a ke zaɓowa daga jama'ar gari. Akan ce musu masu taya alƙali, amma aikinsu ya fi taimako, hukuncin laifi a hannunsu ya ke. A wannan shari'a dukansu fararen fata ne. Sai a 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta ambaci irin wannan kisa da sunansa, aka kuwa sa mata sunan yaron.

6. Kawar da wariya da cuɗanya

Ran 17 ga Mayu 1954 alƙalan Kotun Ƙoli tara, ƙarƙashin Earl Warren, suka haɗu baki ɗaya cikin shari'ar Brown suka ce raba makarantun gwamnati bisa launi ya saɓa wa ƙari na 14. Babban lauyan masu ƙara Thurgood Marshall ne, wanda a 1967 ya zama baƙar fata na farko a wannan kotu. Kalmomi biyu ke biyo bayan wannan hukunci, kuma sau da yawa akan fassara su da kalma guda. Kawar da wariya aikin doka ne, a cire shinge. Cuɗanya kuwa ita ce mutane su zauna tare a zahiri. Tazarar da ke tsakaninsu tarihi ya nuna ta. A 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiha su tare ɗalibai tara a ƙofar wata makarantar sakandare a Litil Rok, sai da Shugaba Eisenhower ya aika da sojan tarayya suka raka su. Shekara goma bayan hukuncin Brown, yaran baƙaƙe da ke aji ɗaya da fararen fata a jihohin kudu goma sha ɗaya ba su kai biyu cikin ɗari ba.

7. Hanyoyin gwagwarmaya

Masu fassara kalma da kalma sukan ce motsi, wanda ba ya ba Bahaushe wata ma'ana a nan. Ƙungiya ma ba ta isa ba, gama ƙungiyoyin da yawa ne: NAACP ta 1909 wadda ta fi ƙarfi a kotu, da CORE ta 1942, da SCLC ta 1957 wadda limaman majami'u suka kafa, da SNCC ta ɗalibai ta 1960. Gwagwarmaya ko fafutuka su ne suka game su duka. Tawaye da bore ba su dace ba, domin mai tawaye fita ya ke so ya yi daga ƙarƙashin hukuma, waɗannan kuwa shiga su ke nema. Tarzoma kuma a ajiye ta don abin da ya faru a unguwar Watts ta Los Anjelis a 1965, inda aka yi ƙone-ƙone mutum 34 suka mutu.

Ƙauracewa, daga ƙaura, ta dace ƙwarai da abin da ya faru a Montgomeri. Ran 1 ga Disamba 1955 aka kama Rosa Parks don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas. Baƙaƙen garin suka daina shiga bas har kwana 381, suna tafiya a ƙasa ko suna ɗaukar juna a motocinsu, har kotu ta rushe dokar. A bambanta ta da yajin aiki, wadda Hausa ta gina a kan yajin matar aure: mai yaji ƙarfinsa ya ke janyewa, mai ƙauracewa kuɗinsa. Zaman dirshan kuwa ita ce ta ɗaliban nan huɗu na Girinsboro, waɗanda ran 1 ga Fabrairu 1960 suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth, aka ƙi sallamarsu, suka ƙi tashi. Gangami shi ne na Washinton ran 28 ga Agusta 1963, inda mutum wajen 250,000 suka taru. Kwana ɗaya kafin nan W. E. B. Du Bois, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NAACP, ya rasu a Akara, inda ya koma da zama bisa gayyatar Kwame Nkrumah. Tattaki shi ne na Selma zuwa Montgomeri, mil 54, wanda 'yan sanda suka tarwatsa yunƙurinsa na farko da kulake da barkonon tsohuwa ran 7 ga Maris 1965.

Kalma mafi hatsari a wannan rukuni ita ce haƙuri. Tun da masu gwagwarmayar ba su rama duka, ɗalibi na iya cewa haƙuri suka yi. Amma haƙuri a Hausa ya haɗa da dangana, da barin abu ga Allah, da janye jiki. Su kuwa da ƙafarsu su ke zuwa inda aka hana su, da rana tsaka, sun san za a doke su, an ma koya musu yadda za su tsaya in ana dukansu. King ya ɗauko hanyar daga Gandhi, ya kuma ziyarci Indiya a 1959. Abin da ya fi kusa shi ne turjiya cikin lumana. Wani reshe nata shi ne saɓa wa doka da gangan, a fili, tare da yarda da hukuncin da zai biyo, don a nuna wa jama'a dokar ce azzaluma. Ba kowa ya yarda da wannan hanya ba. Malcolm X, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1964 aka kuma kashe shi ran 21 ga Fabrairu 1965, ya tsaya a kan cewa wanda aka kai wa hari yana da ikon kare kansa. Kare kai ita ce fassarar matsayinsa, kada a ce ramuwar gayya.

8. Abin da ya rage ga malami

Dokar Haƙƙin Ɗan Ƙasa, wadda Shugaba Johnson ya sa wa hannu ran 2 ga Yuli 1964, ta hana wariya a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. Dokar Haƙƙin Zaɓe ta 6 ga Agusta 1965 ta dakatar da jarrabawar karatu, kuma baƙaƙen Misisipi da ke cikin rajista suka tashi daga ƙasa da 7 cikin ɗari a 1964 zuwa kusan 60 a 1967. An harbe King a Memfis ran 4 ga Afrilu 1968, bayan mako guda aka sa hannu a dokar hana bambanci wajen sayar da gidaje da hayarsu. Da waɗannan wariyar doka ta ƙare. Wariyar al'ada da nuna bambanci kuwa ba a kashe su da sa hannu, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta rushe wani muhimmin sashe na dokar 1965, wanda da shi a ke gane jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. Ɗalibin da ya riƙe bambancin kalmomin nan zai iya bin irin wannan labari ba tare da ya ruɗe ba.

Shawara uku ke nan ga masu koyarwa a kwalejojin horon malamai. Ta farko, in an zaɓi kalma a tsaya a kanta daga farkon darasi zuwa ƙarshe, kada a ce wariya yau gobe a ce ƙabilanci. Ta biyu, kowace kalma a haɗa ta da wani abu da ya auku, da shekararsa da garinsa, domin ƙauracewa ba tare da Montgomeri ba kalma ce kawai a allo. Ta uku, inda kalmar Hausa ke da tsohuwar ma'ana, kamar bawa da fari da haraji da haƙuri, a fara tambayar ɗalibai abin da suka sani game da ita, sa'an nan a nuna musu inda al'amarin Amurka ya rabu da shi. Kalmomin da ba su zauna ba tukuna, musamman ta kisan taron dangi da ta mutum 12 na kotu, suna jiran malamai da masu fassara su gwada su a aji da gidan rediyo, a ga wadda kunnen jama'a zai karɓa.